Lacca: Kada a sauke giyabos kafin a san ciwonsa

Assalamu alaikum. Manyanmu masu gareji, da ku matasa masu koyon aiki, barkanmu da warhaka. Yau za mu yi magana ne a kan giyar otomatik a manyan motocin alfarma irin su Mercedes, BMW, Jaguar da Range Rover. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, sauke giyabos mataki ne na ƙarshe. Motoci da dama da ake kawowa da kukan giya ta mutu, ciwonsu bai wuce mai, waya ko wata ƙaramar roba ba.

Fara da mai motar. Tambaye shi: da sanyin safiya take yi, ko sai ta ɗauki zafi? A wace giya take fizga? Idan ya kashe ya sake tayarwa, takan koma daidai? Wannan tambayar ta ƙarshe tana da nauyi. Motar da ta maƙale a giya ɗaya, aka kashe aka kunna ta sake, yawanci kwamfutarta ce ta ga wani abu ta kulle kanta don kada a ƙara ɓarna. Ƙarfen da ya karye ba ya warkewa don an murɗa makulli.

Sai batir. Mota a kashe ya nuna wajen bolt 12.6, inji na aiki kuma tsakanin 13.5 zuwa 14.5. Wuta in ta yi rauni, kwamfutar giya takan kawo lambobin matsala na ƙarya.

Daga nan a jona na'urar bincike, wadda ke iya shiga kwamfutar giyar kanta. Ƙaramar na'ura P0700 kawai za ta nuna maka, ma'anarta kuwa akwai matsala a giya, je ka duba. P0715 na nuni ga sensar gudun shiga, P0720 ta gudun fita, P0730 na cewa lissafin giya bai yi daidai ba, wato akwai zamewa, P0741 kuma kulocin cikin konbata ne, wato abin da ke kai ƙarfin inji zuwa giyabos ta hanyar mai. Rubuta lambobin kafin ka goge, don Allah. Wanda ya goge bai rubuta ba ya zubar da shaidarsa.

Yanzu mu zo kan mai, a nan zan ɗan daɗe. Yawancin waɗannan motocin ba su da sandar awo, kuma mai yana kumbura da zafi, saboda haka awon da aka yi ba tare da duba zafinsa ba awon banza ne. Giyabos ɗin Mercedes 722.6 mai giya biyar, da sanda ta musamman ake auna shi a digiri 80 na ma'aunin Celsius. Na 722.9 mai giya bakwai, wanda ya fito a 2003, daga ƙasa ake ɗura masa, a daidaita a digiri 45. Na 6HP na kamfanin ƙera giyabos na ZF, da ke cikin BMW da Jaguar kuwa, tsakanin digiri 30 zuwa 50, inji na aiki, mota a miƙe sambal, sai mai ya fara ɗiga daga ramin ɗuri.

Ɗiga man a farin ƙyalle ka duba. Idan ya yi duhu amma ba ya wari, tsufa ne. Idan yana warin ƙuna, kuloci ya ci wuta. Idan ya yi fari-fari da kumfa, ruwan lagireto ya shiga ta wurin sanyaya mai, kuma wannan ruwan yana ɓanɓare fatar kuloci, canjin mai kaɗai ba zai cece shi ba. Cire kaskon mai da ke ƙarƙashin giyabos ka dubi maganaɗisun da ke ciki: laushin toka-toka ba komai ba ne, amma ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli da kake ji a yatsa labari ne mara daɗi.

Kuma kowane giyabos da nasa man. A 722.9 ma iri biyu ne: ja mai lamba 236.14, da shuɗi mai lamba 236.15 na waɗanda suka fito daga 2010. Ba a haɗa su. Batun cewa man na har abada ne, ni ban yarda a bar mota a kansa ba. Kamfanin ZF da kansa ya ba da shawarar canji tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000 ga motar da ke shan wahala.

Kowanne kuma da ciwon da aka san shi da shi. A 722.6, soket mai ƙafa 13 yana yoyo, man ya bi cikin waya har ya isa kwamfuta. Zare soket ɗin, in ka gan shi a jiƙe, canza hannun robarsa, ka buɗe kwamfutar ka tsaftace. Faifan lantarkin da ke kan balbodi, wato sashen da ke raba mai zuwa kowane kuloci, shi ma yana lalacewa, domin sensocin gudu a jikinsa suke. A 722.9 kwamfutar tana kan faifan, don haka sabo sai an yi masa kodin, wato an daidaita shi da motar ta na'ura. A ZF 6HP kuwa, robar da ke tsakanin balbodi da jikin giyabos tana tsagewa, ƙarfin mai ya zube, giya ta riƙa jinkiri ko duka. Duk waɗannan ta ƙasa ake gyara su, giyabos na maƙale a jikin mota.

Wani ya yi tambaya a kan karkarwa. Idan mota na karkarwa tsakanin kilomita 60 zuwa 80 a awa da ɗan totur kaɗan, ka dubi zamewar konbata a na'ura yayin tafiya. Amma tabbatar inji ba ya tsallake wuta, domin mataccen fulogi yana kawo irin wannan karkarwar.

To yaushe ake saukewa? Idan mai ya cika, wuta lafiya, balbodi lafiya, amma inji na ɗaga murya a giya guda mota ba ta ja, ga warin ƙuna ko ƙarfe a kasko. A nan a sauke, a canza kuloci, sil da bushin, a gyara konbata ko a sauya ta. A wanke bututun sanyaya mai sosai, in ba haka ba dattin da ya rage zai koma cikin sabon aiki. Bayan haɗawa a goge tsohon koyon kwamfuta, a fita da motar a hankali, giya bayan giya da totur kaɗan, har ta koyi sabon kulocin. A dawo a sake auna mai a zafin da aka ƙayyade kafin a miƙa makulli.