Kwagirin Turawa a Kasuwar Saint-Ouen da Sandunan Gidajenmu

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, na Birni da na Zango, da duk wanda yake kallo daga wani gari. Yau ina arewacin birnin Paris, a kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen, wadda ta fi cika ranakun Asabar, Lahadi da Litinin, kuma abin da ya kawo ni shi ne tsofaffin sandunan dogarawa masu sassaƙa, waɗanda masu hannu da shuni na ƙasar nan suke tarawa suna alfahari da su. Dattijon da yake da wannan rumfa ya ba ni izinin ɗaukar hoto, bisa sharaɗin kada in nuna fuskarsa.

Ku dubi wannan da ke hannuna. Jikinta kwagiri ne na Malaka, wato wani irin kara mai ƙarfi da sauƙin ɗauka da ake kawowa daga yankin Maleshiya, kuma tsufa ya mayar da launinsa kamar na zuma. Kanta kuwa kan kare ne aka sassaƙa, an sa masa idanu na gilashi, har gashin bayan kunnensa masassaƙin ya fitar da shi sili-sili. Tsakanin kan da jikin akwai zoben azurfa, kuma a nan ne mai saye yake fara kai idonsa. Mai rumfar ya ara mini gilashin ƙara girma, ya nuna mini wani ɗan hatimi da bai kai ƙwayar gero biyu ba, mai siffar kan mace da hular yaƙi. Ya ce tun shekarar 1838 hukumar Faransa take buga wannan hatimi a kan azurfar da ta gwada ta tabbatar da kyanta, saboda haka sandar da ke ɗauke da shi ba za ta girmi wannan shekara ba, komai rantsuwar mai sayarwa. Daga nan sai a juya ta a dubi ƙarfen gindinta, domin wanda ya sha ƙasa shekara da shekaru yana cinyewa ta gefe guda, gwargwadon yadda mai ita yake taka ƙafa.

A ƙarni na 19 namijin da ya isa ba ya fita titin Paris hannu sake, ko da kuwa ƙafafunsa lafiya lau suke, domin sandarsa ita ce take faɗa wa mutane matsayinsa tun kafin ya buɗe baki. Marubucin nan na Faransa, Balzac, ya sa an yi masa wata a 1834, mai babban kai na zinariya da aka jera wa shuɗɗan duwatsu, ta zama abin zance a gari, kuma har yau tana ajiye a gidansa da aka mayar gidan tarihi a nan Paris. Al'adar ta girmi Turawa nesa ba kusa ba, tunda sanduna kusan 130 aka samu a kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka gano a Masar a 1922.

Akwai kuma waɗanda suke ɓoye wani abu a cikinsu, su ne masu tarawa suka fi rububi a kansu. Wata takobi ne a cikinta, kuma doka ba ta yarda a yi yawo da ita a titi ba. Amma wadda ta fi kama raina ita ce ta dillalan dawaki: ana zare kanta sai ma'auni ya fito, a miƙe wani ɗan hannu na ƙarfe a ɗora a kafaɗar doki a karanta tsayinsa nan take. Na tabbata masu dawakin hawan salla na garinmu za su so ganin wannan, shi ya sa na daɗe ina nuna muku ita ta kowane gefe.

Game da kuɗi, ana samun ta yuro ɗari, ana samun ta dubbai, kuma ku tuna yuro 1,000 ya kai kusan jika 656 na sefa. Ga gargaɗi ga 'yan uwa da ke zaune a Turai: mai kan hauren giwa ba abin saye ba ce da garaje. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, kuma a Tarayyar Turai wanda aka sassaƙa kafin 1947 ne ake ɗauka tsohon kaya, shi ma sai da takardar izini. Wanda ya saya babu takarda, ya sayi rigima da jami'an kwastan.

Na tambayi dattijon abin da yake ɗaga farashin sanda fiye da komai, ina zaton zai ce zinariya ko kyan sassaƙa. Sai ya janyo wata ambulan da ta yi ja don tsufa, ya ce wannan ce. A ciki akwai rasit na shagon da aka fara sayen sandar, da hoton mutumin da ya riƙe ta, da wasiƙar jikansa. Sanduna biyu masu aiki iri ɗaya, wadda aka san mai ita da zamaninta tana iya ninka ɗayar sau da yawa a wurin gwanjo.

Wannan magana ita ce ta tsaya mini a rai, domin a wajenmu sanda tana da nauyin da ya wuce na ado. Akwai wadda ake riƙewa da sarauta, akwai wadda liman yake dogarawa a kanta yana huɗubar Juma'a, akwai ta makiyayi da ba ya rabuwa da ita, akwai kwagirin da tsoho ya zo da shi daga aikin hajji ya riƙe har ƙarshen ransa. A nan mutum yana sayen sandar wani ne don ya ɗanɗani girman mai ita, mu kuwa girman yana cikin gidajenmu, da sunan mai shi da zuriyarsa a raye. Garin da ya yi sarki irin Tanimu, wanda ayarin fatake ke sauka a cikinsa daga Kano da Agadas, wanda kuma shi ne babban birnin Nijar har zuwa 1926, ba zai rasa tsofaffin sanduna a zauruka da ɗakunan tsofaffi ba. Aikin hannu ma ba baƙonmu ba ne: masassaƙa suna fitar da ita daga itace mai ƙwari, maƙeran fari suna yi mata zobe, dukawan Damagaram kuma, waɗanda aikin fatarsu ya yi suna, suna yi mata riga da tuntaye. Abin da yake ba ni takaici shi ne yawancinsu suna jingine a bayan ƙofa gara tana ci, ko kuma wani ɗan kasuwa ya zo ya saye su da kuɗin cefane, ya fitar da su ba tare da sunan kowa ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda yake da irin wannan sanda a gida ya je wurin baba ko inna ko kawun da ya san labarinta tun yana da rai, ya rubuta sunan wanda ya riƙe ta, da wanda ya sassaƙa ta idan an sani, da zamanin sarkin da aka yi ta, da boko ko da ajami, ya ɗauki hotonta daga kai har gindi. Kada a goge ta da yashi, kada a shafa mata fenti don ta yi sabuwa, domin dattijon nan ya ce wannan baƙin da tafin hannu ya bari a kanta shi ne farkon abin da masana ke nema. A ɗaga ta daga ƙasa, a nisanta ta da danshin damina, a riƙa duba ta lokaci zuwa lokaci saboda gara.