Amsoshin Tambayoyinku: Masuncin Kogi a Bakin Teku

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun yau duk a kan kamun kifi ne, amma na ruwan gishiri.

Ta farko daga Yawuri ta fito, a jihar Kebbi. Mai wasiƙar ya ce shi Basarke ne gaba da baya, a kogin Kwara ya buɗe ido. Ƙanensa da ke Legas ya sayi ƙaramin jirgi mai inji doki 40, ya gayyace shi su fita teku su jefa fatsa. Yana tambaya: wane shiri ya kamata su yi, tunda dukansu ba wanda ya san ruwan wajen?

To Malam, mun gode. Ba mai koya wa Basarke riƙon filafili. Sai dai ruwan da ka saba da shi fuska ɗaya yake tafiya, ya cika da damina, ya ja da rani. Teku kuwa sau biyu take cika a dare da yini, sau biyu take janyewa. Tsakanin cika da janyewa awa 6 ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Wata ne ke jan ragamar abin, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Akwai jadawalin wannan na kowace tashar jirgi, ana samunsa a waya. Ku duba na Legas, na ranar da za ku fita, kada ku ɗauki na jiya.

Me ya sa na dage a kan wannan, alhali a Legas bambancin cika da janyewa bai wuce kamar mita 1 ba? Saboda ƙofar. Duk ruwan tafkin Legas, har da wanda kogin Ogun ke zubawa, ta mashiga guda yake fita teku, wadda ake kira Commodore Channel, tsakanin dogayen katangun duwatsu biyu. Idan teku na janyewa, ruwan tafki ya taho da gudu, igiyar teku kuma ta taso daga kudu maso yamma, sai su yi karo a bakin ƙofar. A nan igiya ke miƙewa tsaye, kusa da kusa, ta cika ƙaramin jirgi kafin a ɗauki abin kwalfa. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne dab da cikar ruwa, sa'ad da ya lafa. Kuma ku lissafa dawowa kamar yadda kuka lissafa fita. Mutane da yawa fitar kawai suke tsarawa, su dawo da yamma a gajiye su tarar ƙofa ta sauya fuska. Ta wannan mashigar ce kuma manyan jiragen da ke zuwa tashoshin Apapa da Tin Can suke bi. Babban jirgi ba shi da birki irin na mota, kuma matuƙinsa ba lallai ya hango ku ba. Ku raɓe gefe, ku bar masa tsakiya.

Ra'ayina dai, a fitar farko ku ɗauki ɗan gari. Masuntan Ilaje da Egun sun san wannan ruwa kamar yadda ka san Kwara. Ku biya mutum ladansa ya zauna a jirgin, ya nuna muku inda rairayi ya taru a ƙarƙashi da inda aka shimfiɗa taru. Matambayi ba ya ɓata.

Batun mai, a kasa shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Ku fara zagayawa awa guda a cikin tafki ku ga nawa injinku ke sha, kada ku dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa. Sai anga da igiya mai tsawo, aƙalla ninki 5 na zurfin ruwa. A zurfin mita 15, igiya mita 75 ke nan. Idan inji ya mutu, angar ce za ta riƙe ku, don ruwan wannan gaɓa gabas yake janye mutum, wajen Lekki. Rigar kariya kuwa a jiki take zama, ba a ƙarƙashin benci ba, ko da kai gwanin iyo ne. Kun dawo, ku wanke inji da ruwan daɗi, gishiri ba ya raga wa ƙarfe.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a unguwar Nima, birnin Accra. Ta ce maigidanta da abokansa suna shirin zuwa Elmina, wani garin masunta a gaɓar Ghana, su hau jirgin haya su jefa fatsa, hankalinta bai kwanta ba. Wane lokaci na shekara ya fi aminci?

Hajiya, daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku a gaɓar Ghana, kifi ya yawaita, amma a lokacin ne igiya ta fi ƙarfi. Masu sana'a na so, baƙo kuwa wahala zai sha. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu teku ta fi kwanciya, sai dai hazo kan rufe gaɓa, mutum ya waiga bai ga ƙasa ba. Don haka su tafi da kamfas da na'urar GPS, su ajiye alamar inda suka taso tun kafin su bar baki. Wajen Maris zuwa Mayu, da kuma Oktoba, hadari kan haɗu daga gabas cikin ɗan lokaci da iska mai ƙarfi. Sun ga gabas ta yi baƙi, su naɗe igiya su juyo, ko kifi na ci.

Ki kuma gaya masa kada su sa ranar Talata. A yawancin garuruwan masunta na Ghana ba a fita teku ran Talata, kuma baƙo ba ya karya wannan. Kowace gaɓa tana da sarkin masunta, kamar Sarkin Ruwa a wajenmu. Su fara gaishe shi, shi zai faɗa musu ko hukuma ta hana kamun kifi a wannan watan. Ke kuma, kafin ya fita, ya bar miki sunan mai jirgi, inda suka nufa, da ƙarfe nawa za su dawo. Lokacin ya wuce ba labari, ki kira mutanen gaɓar tun da rana, kada ki jira dare.

Wani matashi daga Fatakwal ya tambaya a taƙaice: waya kaɗai ta isa neman agaji a teku? Ba ta isa ba. Ka ɗan yi nisa da gaɓa sabis zai ɗauke. Ka nemi rediyon hannu na VHF, irin wanda jiragen ruwa ke magana da shi. Tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya. Tunda kuma a yankin mai kake, ka nisanci rijiyoyin mai na cikin teku da mita 500. Kifi na taruwa a gindinsu, gaskiya ne, amma masu gadi ba za su tsaya jin bayanin fatsa ba.

Ta ƙarshe, wani daga Maraɗi yana son sanin ko duk abin da aka kamo a teku ana ci. Hukuncin addini na bar wa malamai. Ta fuskar lafiya, akwai talibamban na teku, mai kumbura idan an taɓa shi. Gubarsa na kisa, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Akwai kuma wani faffaɗan kifi mai doguwar wutsiya da ƙaya a jikinta, idan ya hau ƙugiya a yanke igiya kawai, kada a sa hannu. Wanda ba ka gane ba, nuna wa masuntan wurin kafin ya shiga tukunya.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.