Jawabin Maraba ga Shugaban Tawagar Hukumar Kiyaye Haɗura ta Najeriya, Daga Al'ummar Hausawa Mazauna Jidda

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma babban baƙonmu da 'yan tawagarsa, wakilan ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya na nan Jidda, malamanmu, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan uwana direbobi da makanikai, da sauran jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, lale marhabin, barka da sauka. Allah ya karɓi umarar da kuka yi, ya sa ta zama kankarar zunubi. A madadin Hausawan wannan gari, da 'yan uwanmu da suka taso musamman daga Shara Mansur da Hindawiyya a Makka don su ga fuskarka, ina yi maka sannu da zuwa. Waɗanda ke zaune a gabanka iri biyu ne. Akwai jikokin mutanen da suka baro ƙasar Hausa a ƙasa da jakuna, suka ratsa Chadi da Sudan, suka tsallako Bahar Maliya daga Sawakin, suka yi zamansu a maƙwabtan Ɗaki. Akwai kuma irinmu da jirgi ya kawo neman halal. Galibinmu a kan titi muke cin abinci: masu jan bas na kamfanonin alhazai, masu tankar ruwa, direbobin gida, masu gyaran birki da taya. Da muka ji cewa kun zo ne ku duba yadda ƙasar nan ke auna lafiyar hanyoyinta, ku gwada da namu na gida, sai muka ce wannan baƙo namu ne, don maganar da ta kawo shi ita ce kwananmu, ita ce tashinmu.

Ba za mu koya maka aikinka ba, Yallaɓai. Hukumarka tana wannan fama tun 1988, lokacin da yawancin matasan da ke ɗakin nan ba a haife su ba. Amma don iyayenmu da ke bayan ɗaki su san girman abin, a yi mini izini in ambaci abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a rahotonta na 2023. Mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a kan tituna kowace shekara, wato sama da 3,200 kowace rana ta Allah. Tsakanin ɗan shekara 5 zuwa ɗan 29, babu cutar da ta kai titi kisa. Kashi 92 cikin ɗari na waɗannan rayuka daga ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, kuma Afirka ce ke kan gaba, da mutum 19 cikin kowane 100,000, alhali a Turai 7 ne.

Abin da ya faru a nan Saudiyya kuwa a idonmu aka yi shi. A 2016 mutum 9,311 suka rasu a hatsarin mota, kusan 29 cikin kowane 100,000, ɗaya daga cikin mafi muni a duniya. Zuwa 2021 adadin ya sauko 6,651, wato 18.5. Shekara biyar kacal, a lissafin kowane 100,000 an rage fiye da kashi ɗaya bisa uku. Mu da ke riƙe da sitiyari mun san yadda aka yi. Tun 2010 aka fara kafa kyamarorin Sahir, masu kama mai wuce ƙa'idar gudu. Kana tafe da dare a Hanyar Hijira, tsakanin Makka da Madina, ƙafarka ta ɗan yi nauyi a kan totur, sai ka ga wani haske ya wulga bayanka kamar walƙiya. Ba ɗan sanda, ba ciniki, ba "ka san ko ni wane ne". Saƙon tara zai same ka a waya, kuma yana nan rataye a sunanka har ka biya. Daga baya kyamarar ta koyi ganin wanda bai ɗaura bel ba da wanda ke latsa waya. Da farko mun yi gunaguni ƙwarai. Yau idan ka tambayi matanmu, za su ce maka tara ta fi takaba. A 2018 kuma jirgin ƙasa na Haramaini ya fara aiki, ya ɗauke dubban matafiya daga wannan doguwar hanya da barci ke sace direba a kanta.

To amma, ranka ya daɗe, ga inda muke so ka tsaya da mu kaɗan.

Gwada ƙasa da ƙasa abu ne mai kyau, don shi ke sa shugaba jin kunya ko jin ƙarfin gwiwa. Sai dai duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san ba a gwada arhar kasuwa biyu sai an tabbata mudunsu ɗaya ne. Idan aka ɗauki jimillar mamata kawai, Indiya da ke rasa sama da mutum 150,000 a shekara za ta sa kowa ya ga kamar shi lafiya yake, alhali yawan jama'arta ne ya kawo haka. Shi ya sa ake rabawa a kan kowane mutum 100,000. Wasu na rabawa a kan yawan motoci, wasu kuma a kan yawan kilomitocin da aka yi, kuma kowane lissafi fuska daban yake nunawa. Ƙasar da motocinta kaɗan ne tana iya fitowa da kyau a lissafin jama'a, amma idan aka duba rai nawa kowace mota 10,000 ke ci, sai hankali ya tashi. Amurka, inda kusan kowa da motarsa kuma tafiya da nisa, tana rasa wajen mutum 40,000 a shekara, kusan 12 zuwa 13 cikin 100,000, yayin da Nowe da Suwidin ke wajen 2. Dukansu masu arziki ne, saboda haka ba kuɗi kaɗai ne maganin ba. Suwidin tun 1997 majalisarta ta yanke cewa ba za ta yarda a ce akwai adadin mutuwar da ya halatta a kan titi ba, ta koma gina hanya bisa sanin cewa ɗan Adam zai yi kuskure, kuma bai kamata kuskurensa ya zama ajalinsa ba.

Har ma'anar "ya mutu a hatsari" ba ɗaya ba ce a ko'ina. Ƙa'idar da duniya ta amince da ita ita ce duk wanda ya cika cikin kwana 30 bayan hatsarin, titi ne ya kashe shi. Amma a wurare da yawa wanda aka tarar da gawarsa a wurin kaɗai ake rubutawa. Wanda ya cika a bayan a-kori-kura a hanyar asibiti, ko bayan mako biyu a gadon jinya, ko a gidan mai ɗori, ba ya cikin lissafi.

Wannan ne ya fi ci mana rai, kuma zama a ƙasar nan ne ya buɗe mana ido a kai. A nan, idan ɗan uwanmu ya rasu, ba ya shiga ƙasa sai da takarda. Na taɓa bin gawar wani direba abokin aikinmu da tirela ta murƙushe. Mun karɓi rahoton 'yan murur, wato 'yan sandan kula da hanya, mun karɓi shaidar asibiti mai ɗauke da dalilin mutuwa, mun karɓi wasiƙar ofishin jakadanci, sannan aka ba da izinin binnewa, aka sallace shi a Harami, aka kai shi maƙabartar Shara'i. A ranar mun ji nauyin zirga-zirgar, don zuciya na son a gaggauta. Amma wannan bawan Allah ya shiga lissafi da sunansa, da wurin da abin ya faru, da sa'ar da ya faru. A gida kuwa, ɗan ƙanwata mota ta buge shi a kan babur da hantsi, yana dawowa daga cin kasuwar ƙauye. Mutanen kirki suka ɗauke shi, ya cika a hannunsu, kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya koyar. Babu laifin kowa a nan. Sai dai babu littafin da ya san yaron nan titi ne ya ci shi. Irinsa nawa ne tsakanin Sakkwato da Maiduguri?

Alƙaluma da kansu sun nuna giɓin. A shekarar 2016, mutum 5,053 ne aka rubuta a Najeriya, amma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na wannan shekarar ya kai 39,802, kusan ninki takwas. Mun san ƙiyasi ba ƙirge ba ne, lissafi ne da suke yi wa ƙasashen da rajistar mutuwarsu ba ta cika ba, kuma ana iya jayayya da shi. Mun kuma san jami'anka ba za su iya tsayuwa a kowace kwana ta kowace hanyar ƙauye ba. Amma hanyar kashe wannan jayayya guda ce, mu ƙirga namu da kanmu, cikakke. Babban bala'i irin gobarar tankar mai ta Majiya a Jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, wadda ta ci sama da mutum 150, duniya duka ta ji. Wanda ke cinye mu a ɓoye shi ne ɗaya a nan, biyu a can, kullum.

Shawararmu, Yallaɓai, ba ta bukatar kuɗi masu yawa. Babu gawar da ake binnewa a ƙasar Hausa ba da sanin liman da mai unguwa ba. Idan aka ba su hanya mai sauƙi, ko da saƙon waya ne, su sanar cewa wane ya rasu sanadin mota ko babur a wuri kaza, aka haɗa da na asibitoci da na 'yan sanda da na hukumarka a rumbu ɗaya, ba tare da an jinkirta jana'izar kowa ba, to cikin 'yan shekaru za a san gaskiya. Ina roƙon a shirya wa abu ɗaya tun yanzu: ranar da aka fara ƙirge na gaskiya, adadin zai yi tsalle sama, jaridu za su ce abu ya lalace. Kada wannan ya karya muku gwiwa, kada kuma a hukunta jami'in da ya kawo adadi mai yawa a yaba wa wanda ya kawo kaɗan. Idan aka yi haka, an koya wa kowa ɓoyewa ke nan.

Akwai masu cewa kwana ne ya ƙare, me za a ƙirga? Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma malamanmu na zaune a nan. Su suka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Ba za ka kawar da abin da ba ka san inda yake ba. Idan littafi ya nuna mutum goma sun mutu a mararraba ɗaya cikin shekara, an san inda za a sa gadar masu tafiya a ƙasa ko tudun rage gudu.

Sannan muna roƙon kada a ɗauki Saudiyya a kifa wa Najeriya yadda take. Kyamara tana aiki a nan ne saboda kowace lamba tana manne da sunan mutum da lambar katinsa da wayarsa. Inda rajistar motoci ba ta kai haka ba, kyamara hoton banza za ta riƙa ɗauka. Mamatanmu ma ba iri ɗaya ba ne. A nan akasari cikin mota ake mutuwa, saboda gudu a kan shimfiɗaɗɗen titi. A gida akwai ɗan acaɓa da fasinja uku ba hular kwano, akwai a-daidaita-sahu, akwai yara masu talla a bakin titi, akwai mutum arba'in a saman tirela bisa buhunan albasa ko tare da shanu za su kudu. A wannan fanni, Biyetnam da ta tilasta hular kwano a ƙarshen 2007, da Ruwanda inda ɗan acaɓan Kigali ke yawo da hula biyu, tasa da ta fasinja, sun fi kusa da mu a gwaji.

Kuma kada awon ya tsaya kan gawa, don wannan ya zo a makare. Ƙasashen duniya sun amince tun 2017 da ma'aunai 12 da ake dubawa tun rai na jiki: motoci nawa cikin ɗari ke wuce ƙa'idar gudu, mutum nawa ke ɗaura bel, nawa ke sa hula, minti nawa ake yi kafin taimakon gaggawa ya iso, tauraro nawa hanya ta samu cikin biyar a awon ingancinta. Lissafin masana ya nuna ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara hatsarin da ake mutuwa da kashi 4. Cikin ma'aunan nan akwai wanda ya shafe mu kai tsaye, wato awannin tuƙi da hutun direban haya. Duk direban da ke ɗakin nan ya san goman ƙarshe na azumi da kwanakin aikin Hajji, ya san yadda ido ke rufewa da kansa bayan asuba. Direban da ya taso daga Legas zai kwana a hanya ya wuce Kano ya san irinsa. Muna fata a sa wannan a gaba a tashoshinmu, a yi shi tare da shugabannin ƙungiyoyin direbobi, don su ake jin maganarsu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗibar wa ƙasashe wa'adin 2021 zuwa 2030 su rage mutuwar titi da rabi. Ba mafarki ba ne, ƙasashe goma sun riga sun yi haka tsakanin 2010 da 2021, cikinsu har da maƙwabciyarmu Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Muna so wata rana a karanta sunan Najeriya a irin wannan jeri, kuma a ce da ƙirge na gaskiya ta shiga.

Mu ma ba da hannu biyu muka zo roƙo ba. A cikinmu akwai direbobin da suka yi shekaru suna jigilar baƙin Allah ba su taɓa ƙwarzanar mota ba, kuma da yawa na shirin komawa gida. Idan hukumarka za ta yi amfani da su wajen wayar da kan 'yan uwansu a tasha, da harshensu, a shirye suke. Sakatarenmu zai miƙa maka sunayen waɗanda suka amince, tare da 'yar tsarabar dabinon Madina da ruwan Zamzam daga iyayenmu mata.

Ranka ya daɗe, mun gode da ka ware mana wannan dare duk da yawan hidimarka. Allah ya yi maka jagora a aikin da aka ɗora maka, ya jiƙan waɗanda muka rasa a kan hanya, ya ba masu jinya lafiya, ya mayar da kai da tawagarka gida lami lafiya. Yanzu muna gayyatarka ka yi wa jama'a jawabi, bayan haka kuma abinci na jira.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.