Sharhi: Ina Wasan Kwaikwayo Ya Shiga a Rediyo?

Jama'a masu sauraro, saƙonnin da kuke aiko mana kwanakin nan ta waya da Facebook kusan bakinsu ɗaya: ina wasan kwaikwayo ya shiga a gidajen rediyonmu? Dattijo ya tambaya, uwargida ta tambaya, direban da ke jigila tsakanin Zariya da Funtuwa shi ma ya tambaya. Amsar masu gidajen kuwa ba ta canzawa: wai wasa na cin kuɗi, kuma babu mai ɗaukar nauyi.

Haba jama'a! Wane kuɗi? Makirufo ɗaya, 'yan wasa huɗu, da kwanon sha da za a buga a ce ga uwargida ta fusata a madafa. Tun bayan da gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, da irin wannan ɗan kayan aka riƙe Arewa. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023, da Hausar bariki kawai ya riƙa kashe mutane da dariya. Wanda ya taɓa zama teburin mai shayi da daddare ya san yadda ake yi. Rediyo na rataye a jikin ƙusa, an ɗaure murfin batir da roba, wasa na farawa sai kowa ya yi tsit, har mai shayin ya bar cokali a kofi.

Ba kuɗi ne babu ba, niyya ce babu. Rabin awar da ake yin wasa a da an sayar wa sojojin baka, su zo su zagi abokin hamayyar ubangidansu su tafi. Sauran an ba mai magani, wanda kwalbarsa ɗaya ke warkar da basir da sanyi da ciwon suga. Ga kuma mai gabatarwa da ba ya iya haɗa jimla biyu bai jefa Turanci ba, in mai kira ya saɓa masa sai ka ji wai layi ya katse. Kuɗin da ake karɓa a hannun waɗannan duka, a ce ba za a iya tsakuro na wasa ɗaya a mako ba? Niyya ce babu.

Wasu na cewa ai kowa ya koma kallo a YouTube. Kowa wa? Manomin da ke huɗa da rediyo a gindin bishiya, da wace data zai kalla? Na yarda, wataƙila matashin yau ba zai jure minti talatin ba. To a yi masa na minti goma mana, a gani ko zai murɗa tasha.

Saƙonnin dai ga su nan jibge a gabana. Shugaban gidan rediyon da ke cewa babu mai son wasa, ya zo ya ƙirga da kansa.