Darasi: Yadda ake ajiye magnesiyam kulorayid a wurin aiki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau na masu aikin sito ne da ma'aikatan masana'antu, a kan sinadarin da ake kira magnesiyam kulorayid. Gishiri ne, amma ba na miya ba. Daga ruwan teku ake samo shi, yana zuwa fari, ɓarɓashi-ɓarɓashi, galibi a buhu mai kilo 25. Ana yayyafa shi a hanya don kwantar da ƙura, ana haɗa wani irin siminti da shi, a Japan kuma da shi ake daskarar da awara.

Ba ya kama wuta, kuma taɓa shi ba ya kisa. To wannan ne ke sa mutane sakaci da shi.

Ku saurara da kyau, 'yan uwa. Babban halinsa shi ne zuƙar danshi daga iska. Ka buɗe buhu da yamma ka tafi gida, musamman da damina, kafin safe saman ya jiƙe ya dunƙule. Ka ƙara barinsa, sai ya narke ya zama ruwa. Ruwan nan yana da santsi kamar an zubar da mai, kuma ba ya saurin bushewa, domin shi ma danshin yake ci gaba da ja. Mai ɗauke da kaya a ka ya taka, sai faɗuwa. Sannan yana cin ƙarfe: ƙafar kanta, ƙofar sito, bayan mota, duk tsatsa za ta kama su.

Saboda haka kada buhu ya taɓa ƙasa. A jera a kan katako, a ɗan ja shi daga bango, a ɗakin da ba ya yoyo. Buhun da aka buɗe a ɗaure bakinsa tam, ko a juye a durom na roba mai murfi, a rubuta suna a jiki. Buhun da ya fara shigowa sito shi za a fara ɗauka. Idan ya zube, a share a kwashe tun yana bushe, sannan a wanke wurin da ruwa mai yawa.

Wajen juyewa, a sa safar hannu ta roba, da tabarau, da takunkumi saboda ƙurarsa. Takalmi ma na roba, domin sinadarin yana busar da takalmin fata har ya tsattsage. In ya shiga ido kada a murza, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15, in raɗaɗin bai lafa ba a tafi asibiti.

Akwai irin busasshen da ba ruwa ko kaɗan a jikinsa. Shi wannan in ya haɗu da ruwa, zafi yake fitarwa, don haka a ruwa ake zuba shi kaɗan-kaɗan ana motsawa. Masu walda kuma ku nisanci buhunan, domin in ya sha zafi sosai yana fitar da hayaƙi mai asid da ke ƙona maƙogwaro da huhu.

Sai roƙo ɗaya. Don na ambaci awara, kada wani ya ɗibi na sito ya kai wa uwargida. Na abinci daban ake tace shi, na masana'anta yana iya zuwa da gurɓata. Yawan shansa yana sa gudawa, ga mai ciwon ƙoda kuwa hatsari ne babba.

Mu kwana nan, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.