Cinikin karnukan gadi: wa ke cutar wa?

Nura: To, mun kunna. Yaya Sale, Likita, saƙonnin makon nan kusan duk magana ɗaya ce. Wani ya tura kuɗin kwikwiyo jinsin Jaman Shefad an aiko masa da ruwa biyu, wani kuma mai kiwo ne, an sa ya riƙe wa mai saye kwikwiyo wata biyu da alƙawarin banza.

Sale: Ai abin ya yi yawa. Kuma yawancinsa daga hoto yake farawa. Mutum ya ga hoto a Facebook ko a WhatsApp, kwikwiyo mai gashi luf-luf, kan nan kamar na zaki, sai ya tura kuɗi. Hoton ma na wani ne daga wata ƙasa. Abu na farko, ka ga uwar. Da idonka, a gidan da aka haife su, 'ya'yan suna bin ta. Ka dubi nononta, karyar da ke shayarwa ba ta ɓuya. In nisa ya hana ka, a yi kiran bidiyo kai tsaye, ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da kwikwiyon. Ɗan damfara a nan zai fara ce maka netiwok ba kyau.

Nura: In aka ce uwar tana gona fa, ko tana wani gari?

Sale: To dillali ne. Dillanci ba laifi ba ne, amma ya faɗa maka shi dillali ne, ya karɓi la'adarsa, ya haɗa ka da mai karen. Uban ma ka tambaya. Sau da yawa barbara aka kai karyar gidan wani, to a ba ka hoton barbarar da ranar. Cikin karya kwana 63 ne, ko ya ƙaru ko ya ragu da 'yan kwanaki. Ka lissafa da kanka daga ranar barbara zuwa ranar da aka ce an haihu. Lissafin in bai hau ba, akwai ƙarya a wani wuri.

Dakta Asabe: Shekarun ma ana ƙarya a kansu, kuma ta fuska biyu. Wani zai ba ka ɗan sati huɗu ya ce sati takwas ne, don ya huta da ciyarwa. Wani kuma zai ba ka ɗan wata huɗu ruwa biyu ya ce sati takwas ne, don ka ga girmansa ka ce lallai Kokeshiyan ne na asali, jinsin nan mai girman jiki. Buɗe bakinsa kawai. Haƙoran nono 28 ne, ƙanana masu tsini kamar allura, kuma suna kammala fitowa wajen sati shida zuwa takwas. Na gaba suna fara zuba wajen wata uku zuwa huɗu. In ka ga manyan haƙoran gaba masu faɗi sun fito, wannan ba ɗan sati takwas ba ne. Kuma kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati takwas.

Sale: Kunne fa, Likita! Kunnen Shefad.

Dakta Asabe: Kunne ba hujja ba ne a wannan shekarun. Yana tashi ya faɗi lokacin da yake canza haƙora, wani sai wata biyar ko shida zai tsaya sosai.

Sale: Shi ya sa suke samun wurin ɓuya. "Bari, zai tashi." Kafin ka gane ba zai tashi ba, wata shida sun wuce, yara sun saba da shi, an sa masa suna, wa za ka mayar wa?

Nura: Katin allura fa? Kowa yanzu yana ba da kati.

Dakta Asabe: Kati ana saye a rubuta da biro. Abin da za ka duba shi ne takardar da aka ɓanɓaro daga jikin kwalbar allurar aka manna, mai lambar rukuni da ranar lalacewa, sannan sa hannu da hatimin likitan dabbobi da lambar wayarsa. Ka kira shi. Allurar farko ana yin ta a sati shida zuwa takwas, a maimaita duk sati uku zuwa huɗu har ya kai sati 16. Ta haukan kare kuma daga wata uku. Don haka in aka ba ka ɗan sati bakwai aka ce ya gama allura duka, ba gaskiya ba ne. Maganin tsutsa tun daga sati biyu ake farawa, duk bayan sati biyu. Wani abin kuma, allurar tana son sanyi, digiri 2 zuwa 8. Wanda ya yini da ita a aljihu cikin rana, ruwa kawai ya tsira wa kare.

Sale: Sai cutar fabo ta zo ta kwashe.

Dakta Asabe: Amai, zawo da jini mai wari, ya ƙi abinci, cikin kwana biyu ya bushe. Ga inda rigimar take: ƙwayar tana ɗaukar kamar kwana uku zuwa bakwai kafin ta nuna, wani lokaci har sati biyu. In ya kwanta washegarin zuwansa, daga can ya zo da ita. In kuma a gidan mai saye wani kare ya taɓa mutuwa da fabo, ƙwayar tana zama a ƙasa watanni da yawa. To laifin wa? Shi ya sa a wanke siminti da bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 30, kafin a kawo sabo.

Sale: Kuma a rubuta. Takarda ɗaya ta isa. Jinsi, ranar haihuwa, launi, alluran da aka yi, kuɗin da aka biya da saura, shaidu biyu. A sa cewa mai saye zai kai shi wurin likitan da ya zaɓa cikin awa 48, in an sami ciwo a mayar a karɓi kuɗi. Likitan ya ɗaga leɓe ya dubi dasashi, in ya yi fari akwai ƙarancin jini, ko tsutsa ko zazzaɓin kaska. Ya taɓa cibiya ko ta kumbura, in namiji ne ya duba ko maraina biyu sun sauko.

Nura: Masu cewa suna da takardar asali daga waje...

Sale: Takarda ba tare da lambar da ke jikin kare ba, takarda ce kawai. Ɗan guntun na'urar da ake sa wa a ƙarƙashin fata lamba 15 yake da ita, a karanta da na'ura a gabanka, ta yi daidai da ta takardar. Ƙungiyar masu Shefad ta Jamus tun 1899 take rubuta zuriya, ba wasa suke yi ba. Kuma ka san abin da ke ba ni mamaki? Karen Azawak ɗin nan na Buzaye, na yankin Nijar da Mali, dogo siriri, Turawa sun kai shi ƙasashensu sun yi masa rajista da takardu. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ta karɓe shi a matsayin cikakken jinsi a 2019.

Dakta Asabe: Kuma ya fi jure zafinmu.

Sale: Nesa ba kusa ba! Mu kuwa sai Kokeshiyan, karen duwatsu masu ƙanƙara, a ɗaure shi ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, yana haki harshe a waje. Karen mafarautanmu ma, wa ya taɓa zama ya rubuta zuriyarsa? Mafarauci ya san uwar karensa da kakarsa da bakin wanda ya fi kamu, duk a ka. Da za a sami masu rubutawa...

Nura: Yaya Sale, ba mu taɓa masu saye ba, kuma lokaci ya tafi.

Sale: To, a gurguje. Kai mai sayarwa, kada ka riƙe wa kowa kwikwiyo da baki. Kafin alƙalami, kamar kashi ɗaya cikin uku, da ranar ɗauka a rubuce, bayan ranar kuɗin abinci na kan mai saye. Alat na bogi ya yi yawa, ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗi sun zauna kafin kare ya bar ƙofa. Masu cewa za su biya kaɗan kaɗan bayan sun ɗauka, a'a. Ka ɗauki bidiyon kwikwiyon ranar miƙawa, fuska da ƙirji da tafin ƙafa, domin akwai mai dawo maka da wani marar lafiya ya ce naka ne. Aikawa ta tasha kuma, keji mai iska, tafiyar asuba, kada direba ya sa shi a but. A yi magana tun farko, in ya mutu a hanya asarar wa.

Dakta Asabe: Ka kuma tambayi mai sayen ina zai ajiye shi. Akwai inuwa? Akwai katanga? Babban kare irin Bowabul ba karen ɗaki ɗaya ba ne.

Nura: Rigimar kuɗin barbara da zaɓen kwikwiyo ɗaya daga haihuwa, wadda mutum uku suka tambaya, sai mako mai zuwa.

Sale: Wannan ai ita ce babbar...

Nura: Mako mai zuwa, Yaya. Mu kwana lafiya.