Gurasa, Alƙibla da Karin Murya: Zaman Baƙo a Birnin Xi'an

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan uwana ɗalibai, an nemi in faɗi abin da baƙo ke tararwa a biranen ƙasar Sin. Ni wanda na zauna shi ne Xi'an, ana furta shi Shi'an, hedkwatar lardin Shaanxi. A kansa zan tsaya.

Duk baƙon da ya sauka, wurin mutum-mutumin sojoji na yumɓu ake fara kai shi. A 1974 wasu manoma suna haƙa rijiya suka ci karo da su, a kusa da kabarin Sarki Qin Shi Huang, wanda ya mutu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana ƙiyasta sun kai 8,000, kowanne tsayin mutum. Abin kallo ne, sai dai cunkoson ba a magana, rabin abin da na gani ƙeyar jama'a ce. Ni ganuwar birnin ta fi burge ni: zagayenta kusan kilomita 14, tsayinta mita 12, samanta kuwa da faɗi har ana ba da hayar keke. Ina tuƙi ina tuna badalar Kano, zuciyata ba daɗi.

To amma baƙo Musulmi, abin da ke hana shi barci a makon farko shi ne ciki. Naman alade ko'ina. Tun kafin in iya gaisuwa na haddace zanen kalma guda, "qingzhen", wato halal. In ka gan ta a ƙofar shago, shiga. Bayan hasumiyar ganga akwai unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui, a can na koyi cin "paomo". Za a ba ka kwano da gurasa mai tauri, a ce ka gutsuttsura ta da hannunka, ƙanana kamar ƙwayar wake, sannan a karɓa a zuba romon rago. Ranar farko na yaga tawa gida shida na miƙa. Dattijuwar da ke wurin ta dubi kwanon, ta dube ni, ta turo mini shi ba ta ce uffan ba. Sai da na yi minti ashirin ina aiki. Daga baya na gane cewa lokacin gutsurawar nan shi ne lokacin hirarsu, kuma a nan na tsinci yawancin Sinancina.

A wannan unguwa babban masallacin yake, wanda ake cewa an kafa shi a 742, zamanin daular Tang. Kada ku nemi ƙubba. Rufinsa mai lanƙwasa ne irin na fadojinsu, zaure bayan zaure, da itatuwa a tsakar gida, an kuma sassaƙa ayoyi a jikin katakon bango. Wani abu: mu a gida in an ce salla, gabas ake duba. Can alƙibla yamma take. Na daɗe jikina yana musu da ni.

Karatu kuma. Jami'ar Xi'an Jiaotong, wadda aka taso da ita daga Shanghai a 1956, tana da ɗalibai baƙi, wasunsu likitanci suke karantawa da Turanci. Amma marar lafiya a asibiti ba Turanci zai yi maka ba, mai tasi ma haka. Akwai jarrabawar harshen, HSK, mataki-mataki. A nan Bahaushe ke da sa'a. Sinanci na da karin murya huɗu: "mai" da wani kari saya ne, da wani kuma sayarwa. 'Yan ajinmu Turawa sun sha wuya, ni kuwa kunnena ya saba, tunda "wuya" ta wahala da "wuya" na jiki ba su taɓa rikita ni ba. Rubutun ne dai ya gasa mini gyaɗa a hannu.

Wani ya miƙo takarda yana tambayar sanyi. Akwai shi, har ƙanƙara na sauka, kuma sai tsakiyar Nuwamba ake kunna ɗumama ɗakuna, don haka ku tafi da riga mai kauri. In za ku sauka gidan wani ba otal ba, ku yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Kuɗi kuma ku ɗora a waya, a manhajar WeChat ko Alipay, domin ko mai gasa dankali a bakin titi lambar da ake ɗauka da waya zai nuna muku.